Rumbun da Wuta Ta Tsallake

Ku matso nan. Kai, kife wayar nan, haskenta yana dukan idona. Ai labarin ma a waya ya fara. Ku yi shiru ku ji.

Akwai wani saurayi a Funtuwa, sunansa Tasi'u. Mai zane ne. In ya kalli fuskarka sau ɗaya, gobe sai ka gan ta a takarda kamar za ta yi magana. Da ya samu kwamfuta, sai ya koyi haɗa wasan waya. Ba irin na gudu da harbi ba. Wannan hotunan mutane ne suke fitowa, maganarsu tana rubuce a ƙasa. Kana karantawa, kana danna abin da za ka tambaye su, har ka gano wanda ya yi ɓarna. Shi ya zana, shi ya rubuta, da Hausa tsantsa.

Labarin da ya sa a ciki ba daga kansa ya fito ba. A bakin mahaifiyarsa Lantana ya ji shi tun yana ƙarami.

A ƙauyensu, Tudun Marke, an taɓa yin wata gobara. Tun kafin a haife shi. An gama girbi, an cika rumbuna. Rumbunan garin duka a jere suke a bayan gari. Sai wuta ta tashi ta cinye su. Duka, ban da ɗaya. Wutar ta ci na damansa, ta ci na hagunsa, ta bar shi tsaye ko baƙin hayaƙi babu. Na wani mutum ne, Jatau. Kuma da jama'a suka iso, shi suka tarar a wurin, hannuwansa biyu a ƙone.

Alƙali ya sake shi, don babu wanda ya ga ya cinna. Amma gari ya riga ya yanke nasa hukuncin. A shekarar yunwa ta shiga, ta ɗauki yara. Daga nan ba wanda ya sake cin abinci a kwano ɗaya da Jatau. In ya shiga sahu, na kusa da shi sai ya matsa.

Tasi'u ya taɓa ganinsa, wani zuwa hutu. Dogon tsoho, fata ja, tabon ƙuna ya haura daga hannu har gefen wuya. Fuskar ta zauna masa a kai. Da ya tashi zana mai laifi a wasansa, ita ta fara zuwa. Ya canza suna, ya sa Tanko. Fuskar kam bai canza komai ba. Har tabon.

Kashi na farko ya fita. Mutane suka so shi. Aka yi ta tura wa juna, daga wannan waya zuwa waccan. A ƙarshen kashin ana kama Tanko, sai rubutu ya fito: me ya sa ya yi? Amsar tana kashi na biyu.

To nan ne Tasi'u ya maƙale.

Ya zauna rubutu, ya ce hassada ce. Dalilin bai zauna ba, don Jatau ba shi da abin yi wa hassada, gonarsa ta fi ta wasu. Ya ce rigimar gona ce. Ya tambayi mahaifiyarsa, ta ce ba ta taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba. Ya ce wata ce ta ƙi shi. Mahaifiyar ta ce ai da matarsa a lokacin, suna zaune lafiya. Kuma wane mai ƙona rumbu ne zai tsaya a wurin har a zo a same shi? Wane ne zai bar nasa tsaye ya zama shaida a kansa? Duk inda ya juya, abin ba ya haɗuwa. Masu wasan kuwa suna ta aiko saƙo. Yaushe? Me ya sa ya ƙona? Mun gaji da jira.

Ana nan sai kawunsa Ɗanjuma ya kira shi daga ƙauye.

"Tasi'u, kai ka yi abin nan na waya?"

"Ni ne, Kawu."

"Ya iso nan. Samari sun gane fuskar."

Kawu ya ci gaba.

"Maganar da ta kwanta ta tashi. Jiya an cinna wa dangar Jatau wuta. Da kyar aka kashe. Tsohon yana ciki a kwance."

"Kawu, ni fa na canza suna."

"Ka canza suna," in ji Kawu. Ya kashe wayar.

Ranar Tasi'u bai ci abinci ba. Washegari ya hau babur ɗinsa ya nufi Tudun Marke. Ya ce wa mahaifiyarsa zai je ba da haƙuri. Haka ma ya ce wa kansa. Amma can ƙasan zuciyarsa akwai wani abu da yake jin kunyar dubawa. Yana fatan in ya zauna da tsohon, tsohon zai saki wata kalma, ya samu dalilin da zai ƙarasa wasansa.

Lokacin bazara ne. Akwai doguwar hanya ta titi, akwai yanke ta wani busasshen rafi. Kowa a yankin ya san ba a bin rafin nan da rana tsaka. Tasi'u ɗan birni ne. Ya bi yanke.

Yana kaiwa tsakiyar yashi, babur ya mutu.

Ya buga. Bai tashi ba. Ya sake bugawa. Ya duba mai, akwai. Ya sauka ya fara turawa, tayoyin suna nutsewa.

Sai ya lura da shirun. Ba kukan tsuntsu. Ba iska. Ko ƙudan da suke bin guminsa sun bar shi.

Sai warin hayaƙi.

Ya ɗaga kai. Wata mata tana tahowa daga sama da rafin. Ba tsohuwa ba ce sosai, ba yarinya ba. Zane baƙi a ƙirji. A kanta akwai kasko cike da garwashi, ja-jawur. Babu gammo. Kaskon a kan gashinta yake zaune, gashin bai ƙone ba.

Ta tsaya gabansa.

"Sannu, ɗan Lantana."

Bakinta a gabansa ya motsa. Muryar kuwa ta bayan kunnensa ta fito.

Bai so ya duba ƙasa ba. Ya duba. Yashin da ta taho ta kai sumul yake, ba sawu ko ɗaya. Kuma diddigenta ne suke kallonsa. Yatsun suna kallon inda ta fito.

Ya fara a'uziyya.

"Karanta," ta ce. "Ni ma ina karantawa. Ba cutar da kai na zo yi ba."

Ya jingina da babur.

"Nuna mani shi."

"Wa, Inna?"

"Wanda ka zana."

Ya ciro waya. Ya buɗo hoton Tanko. Ta sunkuyo. Zafin kaskon ya daki fuskarsa, amma garwashi ko ɗaya bai faɗo ba. Ta daɗe tana kallo.

"Ka iya," ta ce. "Har tabon wuyan. Ka gano dalilin?"

"A'a."

"Me ka zata?"

"Hassada."

"Ba ita ba ce."

"Ko gona."

"A'a."

"Ko mace."

"Mace ce," ta ce. "Amma ba yadda kake nufi ba. Ka kasa samun dalilinsa ne don ba shi da shi. Ni nake da dalili. Ni na cinna."



Ta durƙusa a kan yashi, kaskon bai ko karkata ba. Ta fara magana a hankali, muryar tana yawo, yanzu a wannan kunne, an jima a wancan.

"Inda suka jera rumbunan, da can tsamiya ce. Ta tsufa, ta faɗi, kututturen ya saura. Akwai kogo a ciki. Nan ne ɗakina. Mutanen garin suna son fili. Suka tara kara a kan kututturen suka sa wuta. Ba sallama, ba gargaɗi. Na tafi ɗiban ruwa. 'Ya'yana suna ciki suna barci."

Garwashin ya yi ƙara, ƙas, ƙas.

"Mutum ɗaya ne ya ji kukansu. Jatau. Ya ce a tsaya, akwai masu kuka. Suka yi masa dariya, suka ce iccen ne yake ƙara. Ya ruga ya ɗauko tulu ya juye a bakin kogon. Ta wannan jiƙaƙƙen wuri autata ta fito. Ita kaɗai."

"Inna lillahi," in ji Tasi'u. Bai san ya faɗa ba.

"Na jira. Suka gina rumbuna a kan tokar 'ya'yana. Suka cika su. Sannan na zo da wannan." Ta taɓa kaskon. "Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Da na zo nasa, na tsallake. Godiya ce. Ban san wata hanyar gode wa ɗan Adam ba."

"Hannuwansa fa?"

"Ya ga wuta, ya rugo. Nasa rumbun lafiya lau, bai ko dube shi ba. Na maƙwabta yake shiga yana jawo dammunan gero da hannu. Haka suka same shi."

Tasi'u ya runtse ido. Ya tuna daren da ya zana hannuwan nan. Ya tuna yadda ya ƙara musu ja don su ba da tsoro.

"Na zaci zan ji sanyi," ta ce. "Sai yunwa ta zo. Ina jin matan garin suna kuka irin nawa. Yaran da ba su taɓa ganin tsamiyar ba. Shi kuma da na yi nufin saka wa, na rataya masa abin da ya fi wutar. Namu aljanu suka zauna shari'a a kaina. Suka ce ba zan sake haye rafin nan ba, kuma kaskon ba zai sauka ba. Ina tare masu wucewa in ba su saƙo. Kowa ya gan ni sai ya gudu."

Ta ɗago ta dube shi. Idanunta ba su ƙiftawa.

"Har an fara manta shi. Yara sun fara gaishe shi. Sai kai."

"Ban sani ba, Inna."

"Ka tambaya?"



Ta sa hannu cikin garwashin, har wuyan hannu. Ta zaro zangarniyar gero. Rabinta baƙi ƙirin, rabinta fari tas kamar yau aka yanko. Hayaƙi yana tashi daga jikinta.

"Miƙo hannu."

"Inna..."

"Wanda ka yi zanen da shi."

Ya miƙa na dama. Ta ɗora masa. Ya ji zafin har cikin haƙoransa. Ya buɗe baki zai yi ihu, ihun ya ƙi fita.

"Kada ka yar. Kada ka sauya hannu. Ka sa a hannun Jatau. Ka ce ni ce. Ka ce alheri na nufa. Abin da ya ce, ka dawo nan ka faɗa mani. Kai da bakinka."

"Zan dawo."

"Tafi. Kada ka waiwaya."

Ya bar babur a nan. Ya haye yashin da ƙafa, hannu a miƙe a gabansa, hawaye suna zuba. Yana taka gaɓar rafin, kukan kurciya ya dawo. Iska ta kaɗa. Bai waiwaya ba.

Gidan Jatau a gefen gari yake, shi kaɗai. Rabin dangar ya zama toka. Wata mata tana share tokar, 'yarsa ce, Hansatu. Ta ɗago ta gane shi, don kamar Lantana ce a fuskarsa. Ta tsaya da tsintsiya a hannu.

"Me ka zo ɗauka kuma?"

"Yaya Hansatu, wurin Baba na zo."

"Ka zo ƙarasa zanen?"

"Don Allah. Hannuna."

Ta dubi hannun. Ta ga hayaƙin. Ta ja da baya, ta ba shi hanya.

Tsohon yana kwance a tabarma a inuwar ɗaki. Ya rame. Idanunsa sun yi fari, ba ya gani sosai. Tasi'u ya durƙusa. Ko gaisuwa bai iya yi ba. Ya kamo hannun tsohon, hannun nan mai tabo, ya sa masa zangarniyar.

Nan take ta huce. Hayaƙin ya ɗauke.

Jatau ya shafa ta da yatsu. Ya kai hanci ya sansana. Ya daɗe a haka.

"Geron Malam Audi ne wannan," ya ce. "Shi kaɗai yake shuka irin wannan. Na jawo masa dami biyu kafin rufin ya faɗo. A ina ka samo?"

Tasi'u ya faɗa masa. Duka. Tsamiyar, tulun, autar da ta fita, rumbun da aka tsallake. Hansatu tana tsaye a bayansa, hannunta a baki.

Da ya gama, tsohon bai yi mamaki ba. Hawaye ne kawai ya gangaro ta gefen idonsa ya shige kunne.

"Na ce musu akwai masu kuka," ya ce. "Ashe ɗaya ta rayu. Alhamdu lillahi. Abin da yake damuna ke nan duk shekarun nan. Ina cewa ko na makara."

Ya juyo da fuskarsa wajen Tasi'u.

"Ita na ji nata. An ƙona mata 'ya'ya. Kai fa, ɗan nan? Me na yi maka?"

Tasi'u ya nemi abin faɗa. Ya so ya ce kuskure ne. Ya so ya ce bai san zai iso ƙauye ba. Amma ya dubi idanun nan da ba sa ganinsa, ƙaryar ta ƙi fitowa.

"Ba ka yi mani komai ba, Baba."

"To me ya sa?"

"Fuskarka ce. Ta yi kyau a zane. Na ga mutane za su ji tsoronta."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Hansatu ta yi wani sauti a maƙogwaro, ta shige ɗaki. Tsohon ya rufe ido har Tasi'u ya zaci barci ya ɗauke shi.

"To," ya ce daga baya. "Kai dai ka faɗa."

Bai ce ya yafe masa ba. Bai ce bai yafe ba. Ya rungume zangarniyar a ƙirji.

"Ita kuwa, ka koma ka ce mata na yafe. Ka ce ta sauke kayan nan, ya isa haka. Ka ce ta gaishe mani da yarinyar."

"Zan faɗa mata, Baba."

Bayan la'asar Tasi'u ya tsaya a ƙofar masallaci ya faɗa wa jama'a abin da ya gani. Ya nuna musu tafin hannunsa. Ƙwayoyin gero sun fito raɗau a fatar, layi-layi. Samari suka yi dariya, suka ce zafin rana ne ya taɓa ɗan birni. Tsofaffi ba su yi dariya ba. Da ya ambaci kututturen tsamiya, wani dattijo ya miƙe, ya sa takalmi, ya tafi. Wani ya bi shi. Da safe aka ga an tara sabon kara a ƙofar Jatau na gyaran danga. Ba wanda ya ce shi ya kawo.

Saura komawa rafi.

Tasi'u ya fito da safe ya nufi can. Ya kai har inda yake hango yashin. Ya hango babur ɗinsa a tsakiya, a tsaye yadda ya bar shi. Sai iska ta kawo masa warin hayaƙi. Ƙafafunsa suka tsaya. Ya ce bari rana ta ɗan yi sanyi. Da ta yi sanyi ya ce magariba ta kusa. Washegari ya ba wasu Fulani makiyaya makulli suka turo masa babur. Ya bi titi ya koma Funtuwa. Ya ce zai dawo da rakiya, wani satin.

Ya cire wasan daga inda ya sa shi. Amma abin da ya riga ya shiga wayoyin mutane ba ya dawowa. Har yau akwai masu buga shi, suna kama Tanko, suna tambayar me ya sa.

Jatau bai ga kakar shekarar ba. Mutane sun fito jana'izarsa fiye da yadda aka zata. Tsofaffin da suka ɗauki makara ba su dubi juna ba. Tasi'u ya zo. Ta titi ya zo, ta titi ya koma.

Hannun bai warke ba. An kai shi asibiti, an yi masa rubutu, an shafa abin da aka shafa. Fatar ta rufe, zafin bai fita ba. Kullum in rana ta take, sai ya tashi. Za ka gan shi ya sa hannu cikin randa, yana kallon bango. Ya bar zane. Yanzu a wani shagon gyaran waya yake zama, da hannun hagu yake karɓar kaya. Ya san maganin. Kowa ya san ya sani. In an yi masa maganar, sai ya ce bayan salla. In salla ta wuce, sai ya ce bayan damina.

Wani mafarauci ya ce ya gamu da ita bara. Ya yi ta maza ya tsaya. Ya ce mata tsohon ya yafe, kowa a gari ya ji. Ta girgiza kai, kaskon yana ci a kanta. Ta ce ba shi ta aika ba.

Don haka ku ji ni da kyau. In hanya ta kai ku Tudun Marke, ku bi titi, ko da zai kai ku dare. Kada ɗayanku ya sauka rafin nan shi kaɗai da rana tsaka. Tana nan. Ba ta duka, ba ta shaƙewa. Za ta tsaya ne a gabanka, muryarta a bayan kunnenka, ta tambaye ka ko ka ga ɗan Lantana a hanya.

Ku tashi ku yi addu'a. Wanda zai fita tsakar gida, ya tafi da wani.